Garin da aka killace tsakiyarsa kwana 859: abin da shinge ke yi wa gari bayan girgizar ƙasa

Ranar Lahadi 30 ga watan Yuni na shekarar 2013, sojojin ƙasar Niyu Zilan suka naɗe kayansu suka bar shinge na ƙarshe da suke gadi a tsakiyar birnin Christchurch. Kwana 859 ke nan, wato shekara biyu da wata huɗu da ƴan kwanaki, ana hana mutanen garin taka wasu titunan tsakiyar garinsu. Girgizar ƙasar da ta jawo haka kuwa ko minti ɗaya ba ta cika ba.

Masu sauraronmu da dama sun san sunan Christchurch ne ta dalilin harin da aka kai wa masallatai biyu a watan Maris na 2019, inda aka kashe mutum 51. To, shekara takwas kafin wannan, garin ya ga wata masifar ta daban.

Duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa, kamar ta Turkiyya da Siriya a watan Fabrairu na 2023, ko ta Maroko a watan Satumba na shekarar, labarai kan tsaya ne kan adadin waɗanda suka rasu da waɗanda aka tono da rai. Bayan mako biyu ƴan jarida su tattara su tafi. Abin da ke biyo baya ba kasafai ake jin sa ba. Wa zai ce wannan titi a bi, wancan kar a bi? Har yaushe za a hana mai shago shiga shagonsa? Abin da za mu duba ke nan a yau, ta hanyar abin da ya faru a Christchurch.

Girgiza biyu cikin wata shida

Niyu Zilan tsibirai ne a cikin tekun Fasifik, kudu maso gabas da Ostireliya, a daidai inda manyan faya-fayan duwatsu biyu na ƙarƙashin ƙasa suke gogar juna. Saboda haka girgiza ba baƙuwa ba ce gare su. Christchurch shi ne gari mafi girma a tsibirin kudu, yana da mutum kimanin 370,000 a wancan lokaci.

Ranar Asabar 4 ga Satumba 2010, da ƙarfe 4:35 na asuba, aka yi girgiza mai ƙarfin maki 7.1, kimanin kilomita 40 yamma da garin. Gine-gine sun tsattsage, tubala sun zubo kan tituna. Amma da yake mutane suna barci a gidajensu, waɗanda akasari na katako ne, babu wanda gini ya kashe.

Sai ranar Talata 22 ga Fabrairu 2011, da ƙarfe 12:51 na rana, wata ta zo mai maki 6.3. A lissafi ta fi ta farko ƙanƙanta, amma ita ce ta yi ɓarna. Dalili kuwa, cibiyarta ba ta wuce kilomita 10 daga tsakiyar gari ba, zurfinta a cikin ƙasa kilomita 5 kawai, ga shi lokacin abincin rana ne, tituna da ofisoshi cike da jama'a. Sannan gine-gine da yawa sun riga sun raunana tun girgizar farko.

Mutum 185 suka rasu. Daga cikinsu 115 a gini guda ne, benen CTV mai hawa shida, inda akwai gidan talabijin da wani ƙaramin asibiti da makarantar koyon Turanci mai ɗalibai baƙi daga Japan da Sin da Filifin da sauransu. Wasu 18 kuma a benen PGC.

Bangon da bai faɗi ba

A nan ne maganar shinge ta samo asali. In aka cire waɗancan benaye biyu, mutum kimanin 40 tsofaffin gine-ginen jan bulo ne suka kashe su, kuma mafi yawansu ba a cikin ginin suke ba. Suna tafiya ne a gefen titi, ko suna cikin mota, ko sun fito da gudu don tsira sai bangon gaba ya rufto musu.

Irin waɗannan gine-gine an yi su ne tun kafin a fara sa ƙarfe a cikin bango. Bangon da ke fuskantar titi sau da yawa ba a ɗaure shi sosai da rufi ko da daɓen bene ba, ga kuma rawanin ado mai nauyi a samansa. In ƙasa ta motsa, wannan bango ɓallewa yake yi ya faɗa waje. A titin Colombo, ɗaya daga cikin manyan titunan garin, irin wannan bango ya faɗa kan motar bas ya kashe mutum 8 a cikinta. Gine-ginen wurin sun riga sun samu rauni tun girgizar baya, amma titin a buɗe yake, motoci suna wucewa kamar kullum.

Abu na biyu, babbar girgiza ba ta zuwa ita kaɗai. Tana da ƴaƴa, wato ƙananan girgiza da ke biyo ta har tsawon watanni ko shekaru. A yankin Christchurch an ƙirga sama da 10,000. Ginin da ya tsage yau bai faɗi ba, gobe ƙaramin motsi ya ishe shi.

Kuma bango ba a gindinsa kaɗai yake zubewa ba. Yana iya kwantawa iyakar tsawonsa, ɓaraguzai su yi tsalle su wuce nan. Shi ya sa ƴan kwana-kwana a ƙasashe da dama suke da ƙa'ida: a nisanci gini mai shirin faɗuwa da tsawonsa har da rabi. Gini mai tsawon mita 10, a ja baya mita 15. To ku auna, in gari yana da ɗaruruwan irin waɗannan gine-gine a jere, wasu ma hawa ashirin, kun ga ba titi ɗaya za a rufe ba.

Yadda aka ja shingen

Washegarin girgizar, gwamnatin firaminista John Key ta ayyana dokar ta-ɓaci a ƙasa baki ɗaya. Aka killace tsakiyar garin, kusan hekta 400, tsakanin manyan hanyoyi huɗu da suka kewaye ta. Suka sa wa wurin suna jan yanki. Aka kuma sa dokar hana yawo da dare.

Da farko ƴan sanda ne da sojoji suka tsaya a mararrabar hanyoyi. Ƴan sanda kimanin 300 suka zo daga Ostireliya, sojojin Singafo da suka zo atisaye su ma aka sa su gadi. Daga baya aka kakkafa shingen waya mai ƙafafu, irin wanda ake iya ɗagawa a matsar, da ƙofofi inda soja ke duba takardar izini. Rundunar sojan Niyu Zilan ba ta taɓa yin aiki mai tsawon wannan a cikin gida ba.

Shingen ayyuka uku yake yi. Na farko, ya raba mutane da gine-ginen da ke iya faɗuwa. Na biyu, ya ba masu ceto sarari da shiru, don mai neman rai a ƙarƙashin ɓaraguzai da kunne yake aiki. Na uku, ya hana ɓarayi, tunda shaguna da bankuna da ofisoshi an bar su a buɗe, kowa ya gudu da abin da ke jikinsa.

Dokar ta-ɓacin ta ƙare ranar 30 ga Afrilu 2011. Kafin nan gwamnati ta riga ta kafa wata hukuma ta musamman don farfaɗo da yankin, mai suna CERA, ƙarƙashin minista Gerry Brownlee. Ita ce ta karɓi ragamar shingen, kuma doka ta ba ta ikon rufe hanya da ba da umarnin rusa gini.

Amfanin shingen ya fito fili ranar Litinin 13 ga Yuni 2011. Da rana tsaka aka sake yin girgiza mai ƙarfin maki 6. Gine-ginen da suka riga suka tsage a cikin jan yanki suka ƙara zubewa kan tituna, amma wannan karon titunan babu jama'a. Haka aka sake yi ranar 23 ga Disamba, ana saura kwana biyu Kirsimeti, lokacin da a da tsakiyar gari kan cika maƙil da masu sayayya.

Takarda kore, takarda rawaya, takarda ja

Ta yaya ake sanin ginin da za a killace? Injiniyoyi ne ke bi gini-gini suna dubawa, su manna takarda a ƙofa. Ja na nufin kada kowa ya shiga. Rawaya na nufin a shiga da sharaɗi, na ɗan lokaci, ko a wani sashe kawai. Kore na nufin an duba ba a ga abin da zai hana shiga ba.

Akwai abu biyu da mutane da yawa ba su gane ba a lokacin. Ɗaya, ginin da lafiyarsa ƙalau yana iya samun jar takarda saboda maƙwabcinsa na shirin faɗo masa. Mai shago ya ga ko tsaga babu a bangonsa, amma a ce masa ba shiga, laifin ginin da ke jikinsa ne.

Na biyu ya fi zafi. Wannan dubawa ta gaggawa ce, sau da yawa ta ido ce kawai, wani lokaci ma daga waje. Koriyar takarda ba shaida ba ce cewa gini zai jure wata girgizar. Benen CTV da ya kashe mutum 115, koriyar takarda aka manna masa bayan girgizar Satumba 2010, mutane suka koma aiki a ciki. Babban kwamitin bincike da gwamnati ta kafa, wanda ya gama aikinsa a 2012, ya gano cewa tun a zanen ginin akwai kurakurai masu girma, kuma bai kamata a ba da izinin gina shi ba a 1986. A 2017 ƴan sanda suka sanar cewa ba za su gurfanar da kowa ba, abin da ya ɓata wa iyalan mamatan rai ƙwarai.

Me ya sa abin ya daɗe haka?

Babban dalili shi ne dogayen benaye. Ku ɗauki otal ɗin Grand Chancellor, mai hawa 26. Bai faɗi ba, amma wani bango da ke ɗauke da nauyinsa a ƙasa ya karye, ginin ya karkace gefe guda. Saboda shi kaɗai sai da aka rufe layukan da ke kewaye da shi. Aka fara tallafe shi da siminti da ƙarfe, sannan aka riƙa sauke shi hawa-hawa daga sama. Sai cikin 2012 aka gama. Duk tsawon wannan lokaci, masu shaguna da ofisoshi da ke ƙarƙashin inuwarsa jira kawai suke yi.

Sai kuma maganar asirans, wato inshora. Yawancin gine-ginen garin suna da shi. Kafin a taɓa gini sai mai shi da kamfanin asirans da injiniyoyin kowane ɓangare sun daidaita: gyara za a yi ko rusawa, kuma wa zai biya? Wannan ja-in-ja kan ci watanni. Sau da yawa lissafi ya nuna rusawa ta fi gyara sauƙi, har ga ginin da zai gyaru. A ƙarshe sama da gine-gine 1,200 aka rusa a tsakiyar garin.

Rusawar ita kanta haɗari ce. Manyan injuna suna aiki, motocin ɗaukar ɓaraguzai suna kai da komo, ƙura ta turnuƙe. Ga bututun ruwa da na ƙazanta da wayoyin lantarki da ke ƙarƙashin tituna duk sun lalace, sai an tone an sake. A hankali jan yanki ya tashi daga wurin ceto ya koma filin aikin gini, har a farkon 2013 hukuma ta sauya masa suna zuwa yankin sake gini.

Abin da shingen ya ci

Kafin girgizar, tsakiyar Christchurch tana da kamfanoni da shaguna kusan 6,000, da ma'aikata kimanin 50,000. Rana ɗaya aka raba su da wurin neman abincinsu. Kwamfutoci da takardun ciniki da kuɗi a cikin akwati da kayan sayarwa, duk suna bayan shinge. Motocin mutane sun yi watanni a wuraren ajiye mota. Abinci ya ruɓe a gidajen abinci, ɓeraye suka samu gari.

Wasu ƴan kasuwar kuma da suka je wurin kamfanin asirans sai aka ce musu yarjejeniyarsu ta shafi ɓarnar da ta samu shago ne, ba ta shafi asarar da hana shiga ta jawo ba. Ga shago a tsaye, ga kaya a ciki, ba ciniki, ba diyya.

Wata ɗaya da girgizar, cikin Maris 2011, haƙurin wasu ya ƙare. Ƴan kasuwa suka yi zanga-zanga a gaban ofishin masu kula da agajin gaggawa, wasunsu suka kutsa ta shingen da ƙarfi. Kukansu shi ne ba a gaya musu komai. Ba su san ranar da za a bar su su shiga ba, wasu ma ta bakin mutane suka ji an rusa gininsu da kayansu a ciki. Daga baya aka tsara shiga da rakiya: a ba mutum hular kwano da ɗan lokaci ƙayyadadde, injiniya na biye da shi, ya kwaso abin da ya fi muhimmanci ya fito.

Irin wannan fushi ba a Christchurch kaɗai aka gan shi ba. A garin L'Aquila na ƙasar Italiya, inda girgizar 6 ga Afrilu 2009 ta kashe mutum sama da 300, an killace tsohon gari sojoji suna gadi. Da aka kusa shekara ba a kwashe ɓaraguzai ba, a watan Fabrairu 2010 mutanen garin suka zo suka rataye makullan gidajensu a jikin shingen, sannan suka dawo da baro da shebur suka shiga suna kwasa da kansu.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Kamfanin da aka hana shi ofishinsa ba zai zauna jira ba. A Christchurch da yawa sun koma unguwannin gefe kamar Addington da Riccarton, suka kama haya ta shekaru, abokan ciniki suka saba da can. Ko da aka buɗe tsakiyar gari, ba kowa ya dawo ba.

Buɗewa kaɗan-kaɗan

Hukumomi ba su jira an gama komai ba kafin su buɗe. Tun cikin Maris 2011 aka fara matsar da shingen ciki. Layin da aka tabbatar ba abin da zai faɗo masa, a ɗaga waya a miƙa shi ga jama'a. Haka jan yanki ya riƙa tsukewa wata bayan wata.

Wani abin da ya taimaka sosai shi ne kwantena, irin ta jirgin ruwa da muke gani a bayan manyan motoci. Ana jera su a ɗora wata kan wata a gaban bangon da ake tsoro, don in ya faɗo su tare shi, mutane kuma su samu hanyar wucewa. A unguwar Sumner ta bakin teku, dogon layin kwantena ne ya yi shekaru yana tsare hanya daga duwatsun da ke gangarowa daga tsauni.

Da kwantenar ce kuma aka dawo da kasuwa. Ranar 29 ga Oktoba 2011 aka buɗe wata kasuwa mai suna Re:START a titin Cashel, a bakin shingen, shaguna kusan 30 duka a cikin kwantenoni masu fenti kala-kala. An yi ta ne don ɗan lokaci, sai ga shi ta kai farkon 2018.

A watan Nuwamba 2011 hukuma ta fara ɗaukar mutanen gari a motocin bas tana zagayawa da su cikin jan yanki, ba tare da sun sauka ba. Kafin mutum ya hau sai an gaya masa ƙarara cewa in girgiza ta same su a ciki yana iya rasa ransa. Duk da haka dubbai suka yi rajista. Gani ya kori ji: mutum ya yi wata tara yana jin labarin garinsu a rediyo, yana son ya gani da idonsa.

Matasa ma ba su zauna ba. Wata ƙungiya mai suna Gap Filler ta riƙa mai da filayen da aka rusa gine-gine wuraren taruwa, a nuna fim a nan, a yi filin rawa a can. Shingen kansa ya koma wurin da mutane ke rataye furanni da saƙonni ga waɗanda suka rasu.

Jan yanki na biyu

Kada a rikita jan yankin tsakiyar gari da wani jan yankin da aka ayyana a unguwannin zama. Gabashin Christchurch a kan ƙasa mai yashi da danshi yake, a bakin kogin Avon. In aka girgiza irin wannan ƙasa da ƙarfi, sai ta saki ta koma kamar kunu, ruwa da laka su ɓullo ta tsakar gida da kan titi, gidaje su nutse ko su karkace. Ɗaruruwan dubban tan na laka aka kwashe, ɗaliban jami'a da manoma suka yi aikin gayya da shebur.

Daga watan Yuni 2011 gwamnati ta fara sanar da unguwannin da ta ce gyaran ƙasarsu zai yi tsada da jinkiri fiye da kima. Gidaje kimanin 8,000 abin ya shafa. Ta yi tayin sayen su bisa ƙimar da aka yi musu a 2007. Waɗanda ba su da asirans da masu filin da ba a gina ba aka yi musu tayi mai rauni, suka kai ƙara, kotun ƙoli ta ba su gaskiya a 2015. Yawancin mutane sun karɓa sun tashi, aka rusa gidajen. Wurin ya koma fili mai ciyawa, sai itatuwan da mutane suka shuka a gidajensu ne ke nuna inda kowane gida yake a da.

Bayan sojoji sun tafi

Ɗage babban shingen a 2013 bai kawo ƙarshen shingaye a garin ba. Kowane ginin da ba a gama shawara a kansa ba ya ci gaba da zama a bayan nasa. A 2017 majalisar birnin ta fitar da jerin wurare 30 da ta ce masu su sun bar su a yashe suna hana tsakiyar gari farfaɗowa.

Wanda ya fi shahara shi ne babbar majami'ar Angilika da ke dandalin tsakiyar gari, wadda ita ce tambarin Christchurch. Hasumiyarta ta karye ranar girgizar. Shugabannin majami'ar suka so rusawa, masu kare kayan tarihi suka kai kotu. Ana cikin haka aka gina ta wucin gadi da manyan bututun kwali, aikin wani mai zanen gini ɗan Japan, Shigeru Ban, aka buɗe ta a 2013. Sai a 2017 aka amince a gyara tsohuwar, a 2024 kuma aka dakatar da aikin saboda kuɗi sun gaza. Shekara 13 bayan girgizar, majami'ar tana bayan shinge.

A ɓangaren doka kuwa an samu sauyi. Mutum ɗaya ce ta fita da rai daga waccan motar bas ta titin Colombo, wata malamar jami'a. Bayan ta warke ta shiga fafutuka, tana cewa haɗarin tsohon bango a kan mai wucewa yake, wanda bai san komai game da ginin ba. A 2016 majalisar dokokin ƙasar ta yi sabuwar doka kan gine-gine masu rauni, ta fara aiki a watan Yuli 2017. A ciki an rage wa'adin gyara da rabi ga sassan tsofaffin gine-ginen bulo da ke iya faɗowa kan hanyoyin da jama'a ke yawan bi.

Ina ruwanmu da wannan?

Ƙasarmu Nijar ba ta cikin yankunan da ke fama da girgizar ƙasa. Amma bangon da ya tsage bai faɗi ba, wannan mun san shi sarai, sai dai mu ruwa ne ke kawo mana shi. A daminar 2024 sama da mutum 300 suka rasa rayukansu a faɗin ƙasa, da yawa daga cikinsu gini ne ya faɗa musu. Ranar 3 ga Satumba na shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Katangar ƙasa da ta sha ruwa tana iya tsayawa kwana biyu ko uku bayan an ɗauke, rana ta fito, yara su dawo wasa a gindinta, sannan ta kwanta.

Daga abin da Christchurch ta gani, akwai abin da magajin gari da mai unguwa da mai gida za su iya ɗauka ba tare da kuɗi mai yawa ba. Katangar da ta tsage ko ta karkata, a tare gabanta tun ranar, ko da igiya ce ko ƙaya ko tsofaffin tayoyi, kuma a ja tarewar nesa, tsawon katangar har da rabi. A tuna da ta maƙwabci, don ɗakin da lafiyarsa lau yana iya zama wurin haɗari in katangar da ke jikinsa ta jiƙe. In magini ya leƙa ya ce ba komai, a ɗauka kallon farko ne, a sake dubawa bayan ruwa na gaba.

In kuma hukuma ce ta rufe layi ko kasuwa ko aji a lakwal, to ta gaya wa mutane dalili, ta faɗi ranar da za ta dawo ta duba, ta kuma ba su hanyar kwaso kayansu da rakiya. Abin da ya faru a Christchurch da L'Aquila ya nuna mutane suna haƙuri da shinge muddin suna ganin ana aiki a bayansa. Ranar da suka daina gani, su da kansu za su ɗaga shi su shiga, ko bangon ya gyaru ko bai gyaru ba.

Duk wanda ya san wata katanga ko wani gini a unguwarsu da ke barazana ga masu wucewa, ya sanar da mai unguwa ko ma'aikatar magajin gari tun kafin hadari na gaba ya haɗu. Allah Ya kiyaye mu baki ɗaya.